Ɓawon Dankali Mai Kauri

Ranar da Jelle ya fara ganin Hanneke, saura ƙiris ya ja mata masifa. Ya jingine kekensa na dakon kaya, ya rungumi kwali, maimakon ya bi ta ƙofar gefe kamar yadda aka ce masa, sai ya faɗa cikin shagon kayan lambu na Gerrit, mahaifinta.

"Saƙon Hanneke! Kwalin karkatattun kayan lambu!"

Wayyo! Duk garinmu na Deventer mun san Gerrit. Mutum ne da ke goge tuffa ɗaya bayan ɗaya kafin ya jera, kuma ba abin da ya tsana kamar masu ceto karkatattun kayan lambun da kasuwa ta ƙi, suna kai su a kwali gida-gida, don su suke kwashe masa masu saye. Allah ya taimaka yana can baya yana sauke kaya.

Hanneke ta zagayo da gudu ta tura saurayin waje.

"Kana da hankali kuwa? Shagon babana ne!"

"To me ya sa kika yi oda?"

"Don in ga abin da ke kashe mana kasuwa."

Ta buɗe kwalin a lungu: kokwamba a lanƙwashe, tuffa mai tabo, da karas biyu da suka nannaɗe juna. Ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata. Shi kuwa Jelle har ya manta inda ya ajiye keke.

Kwalin gwaji ɗaya ta yi niyya, amma sati ya zagayo ta sake oda. Kowane kwali sai ta tarar da tagwayen karas a sama, sannan wayarta ta yi ƙara: "Karas ɗina, yau ma na samo mu. Dubi yadda na riƙe ki."

Ita kuma ta mayar: "Sarkin surutu. Ka bi ta ƙofar gefe, kar ka sa a kore ni."

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Wata safiya Gerrit ya ɗora karas ɗin a kan tebur gabanta.

"Wannan ba daga shagona ya fito ba."

"Baba, ina son shi. Mai kawowar nake nufi."

Gerrit bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi tsoratar da ita. "Tun rasuwar mahaifiyarki ke kaɗai gare ni. Ga Ruud, ɗan dillalin da nake sarin kaya a wurinsa, yana binki, kin ƙi. Sai wanda zai rufe mini shago? Ki aure shi in kina so, ba mai hana ki. Amma ba zai zauna a teburina ba, ni ma ba za ki gan ni a wajen ɗaurin auren ba."

Ta daina oda, ta daina amsa waya. Jelle ya wuce ta gaban shagon ya hango Ruud riƙe da furanni, zuciyarsa ta yi baƙi. Ya rubuto: "Na gani. Kin zaɓi miƙaƙƙe. Allah ya ba da zaman lafiya."

Hanneke ta karanta tana hawaye. Ba ta iya rasa uba, ba ta iya rasa Jelle. Ta rubuta: "Wawa. Ka zo cin abincin yamma yau."

"Baba ya sani?"

"A'a."

Mu nan ba a faɗo wa mutum lokacin cin abinci. Dankali ma ƙirga shi ake yi daidai bakunan gida, ko ɗan'uwanka ne ya zo ba sanarwa, sai ya sha kofi ya kama hanya. Jelle ya san haka sarai, amma duk da haka ya zo, ya shigo kicin.

Gerrit na zaune da 'yar wuƙarsa yana fere dankali. Bai ɗago ba.

"Na mutum biyu na ƙirga."

"Na sani, Yallaɓai. Ba ci ya kawo ni ba. Ina son 'yarka."

Idon Jelle ya sauka kan kwandon da ke gaban tsohon: dankali duk ƙulu-ƙulu, wani ya fara tsiro, ga albasa mai rauni a gefe.

"Me kake kallo?" in ji Gerrit. "Abin da bai sayu ba shi mai shago ke ci. Da shi na raini yarinyar nan." Ya zaɓo wanda ya fi muni, ya tura masa tare da wuƙar. "Fere."

Hanneke ta dafe bakin tebur. Ta san babanta da kaurin ɓawo yake auna mutum.

Jelle ya fara fere. Kai, abin ba kyan gani! Rabin dankalin ya bi ɓawo. Gerrit ya ɗaga ɓawon ya duba, fuskarsa ta yi ja.

"Kai ne mai ceton kayan lambu? Wannan ai kisan kai ne!"

"Yallaɓai, tsoronka nake ji."

"Ba ni nan!" Ya fizge wuƙar. "Babban yatsa a gaba, a hankali. Ba zan ba da 'yata ga mai ɓarnar dankali ba. Gobe ka dawo, jibi ma haka, har sai ka iya."

Yana faɗa yana miƙa hannu cikin kwando. Ya ɗauko ƙarin dankali uku, ya fere, ya jefa a tukunya. Hanneke ta juya ta ɗauko faranti na uku, hawaye na ɗiga a kai.

Da bazara aka ɗaura auren a ofishin magajin gari, Gerrit ne ya riƙo hannunta har gaba, da tagwayen karas a maƙale a aljihun kwat ɗinsa. Da aka ce ya sa albarka, sai ya share ido ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a. Hanneke, har yanzu kar ki bar masa wuƙa."