Dalmar da Ta Yi Kukan Azurfa

Wanda ya ga mutum yana gudu bai san abin da ya taka ba. Mu da muka zauna rumfa ɗaya da Ɗanmaliki a kasuwar Tambuwal, mun san abin da ya taka.

Ɗan maƙerin fari ne, masu ƙera azurfa, kunnensa kuwa ya fi idon wasu. Ka miƙa masa tsohon sule ko liyari, irin wanda matan Fulani ke ratayawa, sai ya jefa shi bisa dutse ya saurara. Azurfa tana jan amo, dalma sai ta ce ƙwas ta yi shiru. Da naira ta kori fam, 'yan Legas suka shigo neman tsofaffin kuɗi, ba sa saye sai Ɗanmaliki ya ce na gaske ne.

Amma na gaske suka yi wuya, jabu ya cika gari. Ga sa'o'insa sun sami kwangila suna hawan Fijo, shi yana kan keke. Abin ya ci masa rai, har ya nufi dajin da ke bayan Kebbe, wurin wani boka da ake kira Ɗangiwa.

Rana tsaka ya isa. Bukka ce ƙarƙashin busasshiyar tsamiya, ko tsuntsu ba ya sauka a kanta. A ciki akwai baƙar tukunya ɗaure da jan ƙyalle, bakinta duk busasshen jini, an jera harsunan dabbobi a tsinke sun yi baƙi.

"Mi yak kawo ka?" in ji bokan.

"Baba, dalma nika so ta yi kukan azurfa."

"Dalma ba ta da murya. Sai an aro mata."

"Daga ina?"

"Ga abin da ka kuka gidanka."

Ɗanmaliki ya tuna awakinsa da zakarunsa, ya ce a ɗauka.

"Ka ji da kyau? Aro na, amma ba a maidowa."

"Na ji. Dabba ai sayenta aka yi."

Bokan ya ɗora masa jabun liyari a harshe, ya ce ya ambaci duk mai kwana a gidansa, wai don a tsare su. Da ƙarfe a baki ya kira matarsa Madina, da 'yarsu Hindatu, da Goggo mahaifiyarsa. Ya tofa cikin tukunyar. Wani abu a ciki ya haɗiye. Bokan ya ba shi tukunyar ya kai gida.

Tun daga ranar, duk dalmar da ta kwana a tukunyar da aka ba shi sai ta tashi da amon da ko shi ba ya iya bambancewa. 'Yan Legas suka yi ta kwasa. Kafin damina biyu ya gina soro da kwano, ya sayi mota, ya je Makka.

Awaki suka fara. Sai akuya ta buɗe baki ba sauti, ta kwana biyu ta mutu. Ya sayi wasu. Sannan Goggo ta wayi gari tana motsa leɓe a kan buzun salla, babu abin da ke fita. Aka ce tsufa ne, aka binne ta. Ɗanmaliki ya gane, amma a makon nan an yi masa odar liyari cikin buhu, ya ce daga wannan zai daina.

Hindatu tana tsakiyar karatu a makarantar allo muryarta ta yanke. Ta rayu sati guda tana kallon ubanta, tana nuna maƙogwaronta.

Bayan sadakar bakwai, Madina na share ɗakinsa ta ture tukunyar. Kuɗi suka zube a daɓe, kowanne na kuka, ta tsaya da tsintsiya a hannu.

"Alhaji, ɗiyata ta nika ji. Tana kirana."

"Ƙarfe na, Madina. Fita."

"Ni na haife ta. Na san muryatta."

Hankalinta bai sake dawowa ba. Ɗanmaliki ya koma Kebbe a guje, bokan ya ce sai ya tattaro duk abin da ya sayar. Wasu suna Legas, wasu sun haye teku. Da ya dawo gida ya iske Madina kwance a bakin tukunyar, ta yi ta haɗiye kuɗin ɗaya bayan ɗaya don ta mai da 'yarta cikinta. Masu wankan gawa sun ce da suka juya ta, cikinta ya yi amo.

Soron ya rushe ba mai saye. Ɗanmaliki ya soke kunnuwansa da basilla don ya daina jin kukan, ya ƙare yana yawo tsakanin Jabo da Dogon Daji yana zubar da jini a kafaɗa, har aka tsinci gawarsa a gonar dawa.

Kai mai hangen motar wani, ji tsoron Allah. Boka ba ya ba da kyauta, kuma ba daga aljihunka zai karɓa ba.