Taku Dubu Goma Sha Ɗaya

"Wannan takalmi ne ko turmi?"

Ulfa, ƙanwata, ta zaro shi daga leda ta ɗaga da yatsu biyu tana dariya. Kambas ne fari, sabo, sai dai na ƙafar hagu baduku ya ƙara mashi dunduniya mai kaurin yatsu uku.

"Ajiye mata kayanta," in ji Hajiya, mahaifiyarmu, ba ta ko ɗago daga tsintar shinkafa ba. "Ba ki san matar Injiniya za ta ƙasar waje ba? Da shi za ta tsere wa Turawa."

Matata Murja na durƙushe bakin ƙofa inda ta gaishe su. Ta yi murmushi.

"Hajiya, ai an ce tafiyar ƙasa ce da yawa, shi ya sa..."

"An ce! Wa ya ce?"

"Takardar masu yawon ce ta ce."

"To ita takardar ba ta ce a bar guragu gida ba?"

Ulfa ta kife kan kujera don dariya. Ni ina zaune ina duba waya.

Da muka shiga mota Murja ta ɗora ledar kan cinyarta.

"Yaya Zul, ka ga yadda ya yi kyau? Ko nauyi ba ya da shi."

"Na gani," na ce, na tayar da mota.

Shan inna ya taɓa ƙafarta ta hagu tana 'yar shekara uku. Na san da haka tun farko. Ɗiyar Malam Lawal ce, mai Islamiyya a Kusada. Sau biyu na gan ta kafin in tafi karatu Malesiya, sauran shekara biyar ɗin a waya muka yi su. Ita ke tashe ni sallar asuba daga nisan duniya, ita ke sa ni dariya ranar da na faɗi jarabawa. A waya ba a ganin ɗingishi.

Na dawo Kankia na aure ta. Hajiya ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata ba. Ina son Murja, wannan ba ƙarya ba ne. Amma shekara biyu da aurenmu, duk inda za mu je a mota nake kai ta har bakin ƙofa, in ce ta shiga, zan gyara fakin.

Abdulmannan, abokin karatuna, shi ya shirya tafiyar. Mu goma sha biyu da muka gama tare, kowa da matarsa, kwana bakwai na yawon buɗe ido a Istanbul, da ɗan jagora da zai riƙa zagayawa da mu. Wata rana ina cikin nishaɗi na gaya wa Murja.

"Da ni?" ta ce, ta dafe ƙirji. "Habibi, da ni?"

"Da wa kuma?"

Sai kamfanin yawon ya turo jadawali. Ranar farko babban masallaci mai shuɗin ado. Rana ta biyu fadar sarakunan da. Rana ta uku rufaffiyar kasuwa. A ƙasa an rubuta cewa za a riƙa yin kamar kilomita bakwai da ƙafa kullum, titunan kuma na dutse ne, da hawa da gangara.

Na karanta mata wurin sau biyu, a hankali, ina jiran ta ce ta fasa.

Ta karɓi takardar ta manna jikin madubi.

"Kilomita bakwai taku dubu goma ne, in ji wayata. Saura wata biyu. Zan iya."

Washegari ta fara. Tana idar da asuba ta ɗaura kambas ta shiga zagaya tsakar gida, daga bakin rijiya zuwa ƙofar zaure, ta dawo. Ina kwance ina jin takun. Ɗaya mai ƙarfi, ɗaya ana jan shi. Ranar farko dubu ɗaya da ɗari biyu ta yi, ta zauna kan turmi tana haki, ta ɗago mani wayar kamar ta ci kyauta.

Da tsakar gida ta yi mata kaɗan, ta nemi izinin fita. Na ce ta riƙa bi ta bayan gari, can wajen gonaki, don iska ta fi kyau.

Muka je Katsina aka yi mata fasfo. Ta sayi akwati. Ta sayi rigar sanyi ruwan toka a gwanjo, ta wanke ta sau biyu, ta turara ta, ta ninke. Ta haddace sunan kowane masallaci da ke cikin jadawalin.

Saura mako uku Hajiya ta aiko in zo ni kaɗai.

"Zauna, Injiniya. Da gaske kake da wagga tafiya?"

"Da gaske, Hajiya."

"Matan abokanka likitoci ne da lauyoyi. Za a jera a ɗauki hoto, a watsa duniya ta gani. Kowa da tashi a miƙe, taka ta karkace gefe kamar rumbun da ruwa ya ci! Mi za a ce?"

"Hajiya..."

"Ga ƙanwarka ta gama jarabawa tana zaune. Fasfonta na nan tun na Umara. Ka bar jininka ka ɗauki 'yar mutane ka je ka kunyata mu? Ban yafe ba."

"Na riga na yi mata alkawari."

"Ni kuma na haife ka."

Zan iya cewa tsoron bakin uwa ne, haka ma na riƙa gaya wa kaina. Amma da na fito daga ɗakin sai na ji kamar an sauke mani kaya daga ka.

Ranar Juma'a Abdulmannan ya nemi hoton fasfo biyu don neman biza. Na tura nawa da na Ulfa.

"Madam fa?" ya rubuto.

Na ce ba ta jin daɗi. Ya ɗauka ciki ne, ya yi mani barka.

Ban gaya wa Murja ba. Kullum sai in ce gobe.

Ta kai taku dubu bakwai. Takalmin ya ƙuje mata dunduniya har ta yi ruwa. Da yamma ta kan tsoma ƙafar cikin ruwan ɗumi da gishiri, ta cije leɓe, ta ce in karanta mata labarin rana ta biyu. In karanta.

"Hasken idona, in na gaji a can za ka jira ni?"

"Zan jira ki."

"Ba zan ma gaji ba. Ba zan ba ka kunya ba, wallahi."

Saura kwana takwas ta ce in kai ta Kusada ta yi wa mahaifinta sallama. Na kai ta. Malam Lawal ya sa aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, ya kawo fura da kanshi.

"Santambul!" ya ce, yana girgiza kai. "Mu a littafi muka san ta. Ashe akwai ranar da jinina zai taka birnin nan. Murja, in kin shiga babban masallacinsu ki yi mani raka'a biyu. Ki duba rubutun bango da kyau, ki zo ki faɗa mani wace aya ce."

"Zan ɗauko maka hoto, Baba."

"A'a, da idonki nake so."

Ya juyo gare ni.

"Zulkifli, yarinyar nan tun tana ƙarama ake ce mata zauna, ke ba za ki iya ba. Kai ne na farko da ya ce mata taso. Allah shi yi maka albarka."

"Amin, Malam," na ce. Na shanye furar.

Matan gidan suka rako ta har mota da saƙonni. Wata na son carbi, wata turare, gwaggonta da ta zo daga Bauranya ta ce ko ɗan kwalin can ne a riƙo mata. Murja ta rubuta duk a bayan jadawalin.

Ranar Talata da la'asar, saura kwana huɗu, na dawo daga aiki na tarar da Ulfa a falo tana cin gyaɗa. Murja ta shigo da ruwa a tire.

"Anti Murja, dama rigar sanyin nan na zo ki ara mani," in ji Ulfa. "An ce garin da sanyi."

"Wane gari?"

"Istanbul mana. Tunda ke ba za ki ba, ai ba amfanin ta zauna cikin akwati. Har akwatin ma in ba damuwa, nawa zif ɗinshi ya lalace."

Murja ta ajiye tiren a hankali. Ruwan bai zube ba.

"Au, Yaya bai gaya maki ba?" Ulfa ta dube ni, ta dube ta. "Bizata ai tun jiya ta fito!"

"Ulfa, tashi ki tafi gida," na ce.

"To rigar fa?"

Murja ta shiga ɗaki. Ta fito da rigar a ninke ta miƙa mata. Ulfa ta shinshina.

"Kai, har da turare! Na gode, Anti."

Ta fita tana waƙa.

Muka rage mu biyu. Murja ba ta zauna ba.

"Tun yaushe?"

"Murja, ki saurare ni..."

"Tun yaushe, Yaya Zul?"

"Kusan mako uku."

"Kafin mu je Kusada ke nan."

"Eh."

"Ka zauna kan tabarmar Baba, ya sa maka albarka, ka ce amin?"

"Hajiya ce ta matsa. Ta ce ba ta yafe ba. Mi kike so in yi? Kuma ke ma kin ga takardar, kilomita bakwai ne kullum, ga hawa, ga duwatsu. Tausayinki na ji."

Ta ɗauko wayarta ta kunna, ta sa mani gaban ido.

"Karanta."

Dubu goma sha ɗaya da ɗari uku.

"Na yau ne. Na bi hanyar Rimaye har na daina ganin gidaje, na dawo, ban zauna ba ko sau ɗaya. Ina ta sauri in zo in nuna maka."

Na ce zan kai ta wani lokaci, mu biyu kaɗai, ba hayaniyar mutane.

"Ba mutane," ta maimaita. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Na yafe Istanbul. Ulfa ta je, Allah shi kiyaye hanya. Maganar Hajiya ma na ɗauka, uwa ce. Abu ɗaya nake roƙo."

"Faɗi. Ko mi ne ne."

"Tashi yanzu ka taka da ni zuwa bakin kasuwa. Ina gefenka. Ba ka gaba, ba ka baya. Mu sayo tumatir mu dawo, shi ke nan, ba zan ƙara tayar da maganar ba har abada."

Na dubi taga. An sauko daga la'asar. Majalisar ƙofar gidan Alhaji Bube ta cika, masu shayi sun fito, 'yan acaɓa sun jeru bakin kwalta. Daga gidanmu zuwa kasuwa bai fi tafiyar minti goma ba.

"Habibi... don Allah."

Na miƙe. Na ga fuskarta ta fara washewa.

"Bari in ɗauko makullin mota," na ce.

Ta daɗe tana kallona.

"To," ta ce. "Na ji."

Ta shiga ɗaki ta sa hijabi. Ba ta ɗauki komai ba sai wayarta. Ta wuce ni, ta bi ta zaure, ta fita. Ina tsaye da makulli a hannu na ji ta gaida 'yan majalisa, suka amsa. Na ji ta ce wa ɗan acaɓa, "Kusada." Ban leƙa ba.

Ranar Asabar muka tashi daga Kano, ni da Ulfa.

Matar Ɗalha, ɗaya daga cikin abokanmu, tana da ƙiba da ciwon gwiwa. Duk kwanar da aka sha sai ɗan jagoran ya ɗaga tutarshi ya tsaya a jira ta. Ɗalha na can baya tare da ita, ya rataya jakarta a kafaɗa, suna hira suna dariya. Kwana bakwai ana haka. Ba wanda ya ce komai.

Da na dawo na tarar Malam Lawal ya aiko. Bai yi faɗa ba. Ya ce Murja na neman takardarta, in ba zan samu zuwa ba in ba direban motar Kusada ya kawo.

Na ba direba.