Kujerar Eleuterio a Majalisar Gari

Mu da hannunmu muka zaɓi Eleuterio Encarnación shugaban kwamitin makaranta, kuma a lokacin ba mu yi kuskure ba. Ni Fidelina ina cikin kwamitin. Abin da zan faɗa, rabi da idona na gani, rabi shi ya faɗa min da bakinsa.

A garinmu na kwarin San Juan wakilci iri biyu ne. Kwamitin makaranta a gindin mangwaro yake zama. Iyaye ke ɗaga hannu su zaɓe ka, ba albashi, kuma ranar da rufin aji ya yi yoyo uwar yaro har gida za ta same ka ta wanke ka tas. Majalisar gari kuwa a bene take, da ɗan sanda a ƙofa. Kansila jam'iyya ke kawo shi, a gan shi lokacin zaɓe da buhunan shinkafa, daga nan sai ta gilashin mota.

Eleuterio takin zamani yake sayarwa. Ya san sunan kowane yaro a makarantar, ya san gidan da ba a ɗora tukunya ba. Shi ya riƙe 'yata Yudelka ranar da aka yi mata baftisma a coci. Amma akwai abin da ke cinsa a ciki. Wata rana suna buga domino a ƙofar shago, wani kansila ya wuce a sabuwar mota ya watsa musu ruwan kwata.

"Shugaba, goge wandonka," in ji abokin wasansa. "Kai shugaban alli da tsintsiya ne. Ga shugaban siminti can ya wuce."

Kowa ya yi dariya ban da shi.

Wata Talata da tsakar rana ya hau dutse wajen Don Ciprián, bokan da ko limamin coci ba ya son ambaton sunansa. Ɗakin na kwano ne, ba taga. Rana na dukan rufin, amma ciki sanyi kamar gindin rijiya. Tebur lulluɓe da baƙin yadi, jajayen kyandirori sun narke sun daskare a kai, hotunan waliyyai duk an juya fuskokinsu bango. Ga ƙoƙon kan akuya da taba a haƙoransa, ga takalmin jariri ƙwaya ɗaya rataye a sarƙa. A kusurwa akwai rami rufe da katako, wani abu na numfashi a ƙarƙashinsa.

"Kujera kake so," in ji bokan, tun bai zauna ba.

"Da abin da ke biyo ta."

"To sai ka yi kiwon bacá, aljanin da ke zama a jikin dabba. Shi ke kawo dukiya, amma yana ci."

"Ina da awaki."

Bokan ya yi dariya har da tari. "Akuya ni nake ci, ɗana. Shi mutum yake ci."

Eleuterio ya miƙe zai fita.

"Zauna. Ba wakili kake ba? Daga cikin waɗanda kake magana da yawunsu zai ɗiba."

"Ban da matata da ɗana."

"Ni ban kira sunan kowa ba."

Ya tsaya ya yi tunani. Gari cike da jama'a, kullum ana mutuwa, wa zai lura da ƙarin ɗaya ko biyu? Ya ce ya yarda. Bokan ya kurɓi giyar rake ya fesa masa a fuska, ya tsaga masa harshe da ƙayar lemo, ya ɗaga katakon ya ce ya tofa jinin. Daga ƙasa ya ji ana lasa. Bokan ya ba shi baƙin ɗan alade a cikin buhu, bacá ɗin ke nan, ya sauko da shi.

Zaɓe ya zo ya ci kujera. Kwangilar titi ta zo, ta kasuwa ta biyo. Ya sayi gonakin shinkafa, ya gina bene, ya tara zakarun faɗa. Aladen yana bayan gida, ba mai ba shi abinci, amma kullum ƙara girma yake.

Ɗan wata gwauruwa ne ya fara mutuwa, yaron da Eleuterio ya taɓa saya wa takalmin makaranta. Ciwon kai da safe, kafin la'asar ya cika. Sai tsohon malamin lissafi. Sai Yudelka. Tana tsallen igiya a filin makaranta ta faɗi, ba ta tashi ba.

Likita ya ce a binciki tankin ruwan makarantar. Muka taru mu iyaye mata muka nufi majalisa, ɗan sanda ya tare mu. Eleuterio ya sauko ya tsaya a tsakiyar matakala, yana ƙamshin turare.

"Doña Fidelina, Allah ya ba ki haƙuri. Amma makaranta ba hurumin majalisa ba ce. Ku koma wa kwamitinku."

"Kai ka riƙe ta a coci, Eleuterio!"

"Ni yanzu na gari ne duka, ba na mutum ɗaya ba."

Ya juya ya haye. Ba a yi wata ba aka tsinci ɗansa Wilkin a garken aladen da safe, ba rauni ko ɗaya a jikinsa, aladen kwance a gefensa yana barci. Matarsa Casilda ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki rigar makarantar yaron ta shiga kasuwa ba takalmi, duk yaron da ta gani sai ta kama shi ta ce dole ya sa. Da igiya danginta suka tafi da ita.

Ya koma dutse a guje.

"Na ce ban da ɗana!"

"Ka ce. Ni na amsa?"

"Ga mutanen gari nan dubbai!"

"Waɗannan ba naka ba ne. Shinkafa ka ba su suka ba ka ƙuri'a, ciniki ya ƙare. Shi wanda ya yarda da kai yake ci."

"To karɓi abinka."

"Ba a mayarwa."

Daga can ƙofata ya zo, ya durƙusa ya zayyana min komai. Na saurare shi har ƙarshe, sannan na rufe ƙofata.

Ya je ya harbe aladen. Washegari harshen Eleuterio ya kumbura ya cika baki, ya fara ruɓa, hankalinsa ma ya gushe. Amma jam'iyyarsa na buƙatar rinjaye, don haka duk ranar zama sai 'yan uwansa kansiloli su sa a wanke shi a hau da shi bene. Yana zaune miyau na zuba, idan aka zo ƙuri'a na kusa da shi ya ɗaga masa hannu. Da wa'adi ya ƙare suka raba kwangilolinsa, suka hana shi ƙofa. A rumfar mahauta aka tsinci gawarsa, karnuka sun riga kowa. Leburori suka binne shi, ba uwar da ta je.

Kai da kwaɗayi ke hana ka barci, ka ji da kyau. Babu bokan da ke ba da dukiya daga aljihunsa, kuma baƙo ba ya biya maka. Wanda ya sakar maka jiki, wanda ya damƙa maka ɗansa, shi za ka fara kai wa wuƙa. Ni na damƙa tawa. Shekararta tara.