Gefen da Jirgi Ya Karkata

Ranar da Hilmi ya fara ganin Marlia, a jiƙe take sharkaf, kuma zaginsa take yi.

Tana tsugune kan katakon da ya ratsa kejunan kifin mahaifinta tana watsa abinci, sai ga jirgin ruwan 'yan wasan hawan allo ya kunno kai ta mashigi. Mu da muke zaune kan wannan tafki na Terengganu a ƙasar Malesiya duk mun san shi: fari ne, gindinsa a nutse, yana jan tudun ruwa a baya, wani ɗan birni tsaye kan allo yana sulu a jikin taguwar ruwan ba tare da ya riƙe komai ba. Taguwar ta gama da mai allo, ta wuce abinta, ta zo ta ɗaga katakon da Marlia ke kai. Bokiti ya tafi, silifa ɗaya ya bi shi, ita kuma ta zauna daɓas cikin ruwa.

"Kai direba! Makaho ne kai, ko ba ka da uwa a gida?"

Hilmi ya waigo daga sitiyari. Ya yi niyyar ɗaga hannu ya ba da haƙuri, sai ya tarar hannun ya ƙi tashi. Kallonta kawai yake yi tana matse ɗankwali tana masifa, har jirgin ya sha kwana.

Washegari ya zo a ƙaramin kwalekwale da sabon bokiti da ƙunshin nasi dagang mai zafi, wato shinkafa da miyar kifi.

"Silifan fa?" ta ce, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ban san lambar ƙafarki ba. In kin ba ni lambar waya sai ki turo min."

"Lallai ma! Ashe ban da makanta har da rashin kunya."

Amma ta bayar. Ta ce saboda silifa ne kawai, mu kuma muka ce mun ji.

Aikin Hilmi ba tuƙi kaɗai ba ne. A cikin jirgin akwai wasu manyan salkunan roba, biyu a baya, ɗaya a gaba, wajen hancin jirgin. Shi yake kunna famfo ya ɗura musu ruwan tafki har jirgin ya yi nauyi ya zauna, don sai ya zauna yake tura taguwa mai tsayi. Gefen da aka fi ɗora wa nauyi, nan jirgin yake karkata, nan kuma taguwar take fin girma. In hanci ya yi sakayau taguwa ta yi tsayi amma ta gajarce, in an ƙara masa ruwa ta miƙe ta yi tsawo. Hilmi ya iya abin nan har mutane daga Kuala Lumpur suke tambayar ranar da yake aiki kafin su taso.

Saƙonni suka fara yawo.

"'Yar Kifi, yau na haɗa wata taguwa mai kyau, ba kumfa ko kaɗan. Da na kalle ta ke na tuna."

"Ni kuma da ta iso nan kai na tuna, Sarkin Ɓarna. Shayin Abah ya kife."

"Ki ba shi haƙuri."

"Zo ka ba shi da kanka in ka isa. Ka ci abinci?"

"Ban ci ba. Tun da kika zage ni ban sake ƙoshi ba."

"Allah ya shirye ka, Yaya."

Tun daga ranar ta koma kiransa Yaya, shi kuwa ya yini yana murmushi shi kaɗai.

Matsalar ita ce Baba Deraman, mahaifin Marlia, wanda take kira Abah. Mutum ne mai jiki, mai ƙarancin magana, wanda ya gina gidansa a kan ruwa bisa durom-durom tun kafin a san wani allo a tafkin. Ba don mugunta ya tsani jirgin ba. Duk wucewarsa kejuna sai sun girgiza, raga ta goge da ƙarfe, kifi ya firgita ya ƙi cin abinci. Abin da Hilmi ke alfahari da shi, shi ne abin da ke hana dattijon barci.

Ga kuma Rozaimi, mai kawo musu abincin kifi, wanda ya daɗe yana gaishe da Baba Deraman gaisuwar da ta wuce ta ciniki. Shi ya nuna wa Marlia wani hoto a wayarsa: Hilmi a kusurwar jirgi, wata budurwa mai gilashi ta matsu a jikinsa, wasu biyu sun danno ta.

Marlia ta daina amsa saƙo. Hilmi ya turo, ya sake turowa, har dai ta gaji ta rubuta:

"Ka je wajen mai gilashi."

"Wayyo 'Yar Kifi! Famfon hagu ne ya mutu ranar. In salka ta ƙi cika, mutane muke tarawa a gefe ɗaya su zama nauyi. Wallahi ni a idona buhu ce mai kilo hamsin."

"Ni kilo nawa ce?"

"Ke kin nutsar da ni tuntuni."

Ta yi dariya har da hawaye, ta kuma ce masa ya turo manyansa, don ta gaji da ɓoye waya duk lokacin da Abah ya shigo.

A wajenmu mata ne suke fara zuwa tambaya, su ji ko an yi wa yarinya miji. Hilmi maraya ne, gwaggonninsa ne suka raine shi, su huɗu, kuma Allah ya yi musu arzikin jiki, tubarkalla. Ya roƙi mai jirgin ya ara masa shi don ya kai su cikin mutunci. Suka sha ado, suka riƙo zobe da faranti na kayan zaƙi, suka shiga. Rana tana dukan dama, saboda haka duk suka taru a hagu inda inuwa take.

Shi kuwa ango mai jiran gado, tsabar ruɗewa, ya manta bai zubar da ruwan salkunan aikin safe ba.

Innalillahi! Ni da idona na ga taguwar nan, kuma ban taɓa ganin irinta a tafkin ba. Hilmi ya ankara ya sassauta, amma ruwan da ya riga ya tashi ba ya jin birki. Ta haye barandar da aka shimfiɗa wa baƙi tabarma, ta share kofuna da kuloli, ta wuce ta ɗaga kejin ƙarshe, ragarsa ta yage. Kifin da Baba Deraman ya yi wata da watanni yana kiwo ya watse cikin tafki yana gani.

Babu wanda ya yi ihu. Dattijon ya tsaya, zaninsa na ɗigar ruwa, ya ce wa babbar gwaggon:

"Hajiya Timah, kun sha hanya, Allah ya saka. Amma ku koma da zobenku."

"Haba Deraman, kuskure ne na yaro."

"Na sani. Ban ce mugu ba ne. Amma abincinsa yana cikin abin da ke kashe nawa, yaya za mu zauna a tabarma ɗaya?"

Marlia tana bayan labule tana ji. Da baƙin suka tafi ya kira ta, ya ce kada ta sake yi wa yaron magana. Ta ce to. Saƙo ɗaya ta tura kafin ta kashe wayar:

"Yaya, ba ni da ta cewa. Shi ne ubana, kuma yana da gaskiya. Ban san yadda zan daina sonka ba, ban kuma san yadda zan saɓa masa ba. Ka yi min addu'a."

Abin tausayi, wallahi. Ba wanda za ka kama ka ce shi ne azzalumi, balle ka huce a kansa. Marlia ta rame, tana watsa wa kifi abinci kamar wadda aka aiko. Rozaimi ya ƙara yawan zuwa, har ya fara kawo tsarabar 'ya'yan itacen durian.

Hilmi abu ɗaya ya rage a hannunsa, shi ya yi. Duk sanda zai ratsa mashigin sai ya tsaya ya zubar da ruwan salkunan kaf, ya wuce a hankali jirgi sakayau, in ya fita sarari ya sake ɗurawa. Fasinjoji suna zaune suna tsaki, lokacinsu na tafiya. Marlia takan ɗago ta ga farin jirgin yana lallaɓawa, ta mayar da kai ƙasa da sauri. Ba ya ɗaga mata hannu, ita ma ba ta ɗaga masa.

Mai jirgin ya gaji da ƙorafi. Ya ce masa taguwa mutane suke biya, ba kallon famfo ba, kuma mashigin nan shi ne inda ruwa ya fi kwanciya. Daga ranar Asabar ko dai ya riƙa ja da salkuna cike, ko ya ajiye makulli.

Magana ba ta ɓuya a tafki. Ranar Juma'a da hantsi sai ga Baba Deraman ya tuƙo kwalekwalensa har inda Hilmi ke wanke jirgi. Ya hau ba tare da an ce ya hau ba, jirgin ya ɗan karkata.

"An ce inda ka zuba nauyi nan bala'in naka yake fin girma."

"Haka ne, Baba."

"To me ya hana ka zuba shi a dama in za ka fita, ka juya in za ka dawo? Babbar taguwar ta tafi can hayi, ƙaramar ta zo min, ita zan iya da ita. Ka riƙe aikinka." Ya kalli ruwa. "Yarinyar nan ba ta cin abinci. In ka yi haka, ka turo gwaggonninka."

Hilmi ya dakata da wankin jirgin. Ga Marlia an miƙo masa, hannu kawai zai sa. Ya kalli hayin da dattijon ya nuna. Ba komai a wajen sai bukka ɗaya a kan ruwa, ta Iya Senah, tsohuwar da ke zaune ita kaɗai tun rasuwar mijinta, ba ta ji sosai, ba ta kuma iya iyo ba.

"Baba, Iya Senah tana can."

"Nata ba keji ba ne."

"Durom ɗinta biyu sun sha ruwa, kullum ina gani in na wuce. Ƙaramar ma da ƙyar take ɗauka. In na tura mata babbar..." Ya sunkuyar da kai. "Ka yafe min, Baba. Ina son Marlia, Allah ya sani, ban san yadda zan yi in ba ita ba. Amma ba zan iya ba."

"Ka san me ka ce kuwa?"

"Na sani."

Baba Deraman ya sauka ya tafi, ko sallama bai yi ba. Da yamma Hilmi ya kai wa mai jirgin makullinsa. Ya koma gidan Gwaggo Timah ya kwanta fuskarsa na kallon bango, ba aiki, ba Marlia.

Abin da bai sani ba, dattijon bai wuce gida ba. Hayin ya nufa. Ya samu Iya Senah tana gyaran barkono, gefe ɗaya na bukkar ya sunkuya har ruwa na lasar katako. Da ta gan shi ta washe baki, ta kira shi da sunan yarinta, ta tashi tana dogarawa za ta dafa masa shayi. Ita ce ta yi wa matarsa wankan jego lokacin haihuwar Marlia. Shekara nawa yana kallon bukkar nan daga barandarsa, bai taɓa lura ta karkata ba.

Ya yini can yana sauya mata durom. Da ya dawo ya zauna a baranda bai taɓa abincin da aka ajiye masa ba.

"Marlia."

"Na'am, Abah."

"Ina wayar taki? Kunna ta."

Ta ɗauko ta kunna. Ya ce ta rubuta yadda ya faɗa, kada ta ƙara gishiri. Ta rubuta:

"Abah ya ce a turo manya."

Sannan ta juya baya ta ƙara da nata:

"Yaya, tashi ka ci abinci. Na san ba ka ci ba."

An ɗaura aure bayan damina ta ɗauke. Hilmi bai riga ya samu wani jirgin ba, ragar surukinsa yake taya ɗinki, kuma ɗinkin nasa abin dariya ne. Wajen sa albarka, inda manya ke zuwa ɗaya bayan ɗaya suna yayyafa wa ango da amarya ruwan ƙamshi a tafin hannu, Baba Deraman ya ƙi fara yi. Ya tashi da kansa ya riƙo hannun Iya Senah ya kawo ta gaba.

Tsohuwar ta yayyafa wa Marlia, ta shafa kanta. Ta juyo ga Hilmi ta ƙura masa ido, sannan ta tambayi Baba Deraman da ƙarfi, irin na wanda ba ya ji:

"Wannan ɗan gidan waye? Ban san shi ba."

Baba Deraman ya dubi Hilmi. Ya goge ido da bayan hannu.

"Ɗana ne, Iya. Sa masa albarka."

"To, Allah ya yi maka albarka, yaro. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai jin ƙai. Yadda ka riƙe 'yar mutane da amana, Allah ya tsare ka daga inda ba ka sani ba."

Muka amsa da amin. Marlia ta sa hannu a hankali ta riƙe nasa.