Manomin da Ba Shi da Hoto

Mainasara malalaci ne, shi ma bai musu. Shi ke kula da manhajar da manoman Bakolori ke duba ranar ban-ruwansu. Don kada ta tsaya, sai ya yi mata kwafi ya zuba manoman ƙarya, a can yake gwada kowane gyara kafin ya kai ta gaske. Duk sanda ya gama sai ya goge su.

Ran nan da almuru, yatsansa na kan maɓallin gogewa, wari ya cika ofishinsa na Mafara, kamar albasa ta ruɓe a buhu. Ga wani mai rawani tsaye, laka na ɗiga daga rigarsa.

"Salamu alaikum, Injiniya. Yau ma kashe ni za ka yi?"

Mainasara ya toshe hanci. "Baba, ka ɓata mini darduma. Wane ne?"

"Ɗanladi Ruwan Gizo. Ai kai ka raɗa mini."

Sunan farko ke nan cikin manoman ƙarya.

Baƙon ya sauke amawali. Ba ido, ba baki, sai fata sumul tana naso.

Gurbin hoton Ɗanladi a manhajar, Mainasara bai taɓa cike shi ba.