Mai Shan Wutar Babur ɗin Malam Celestine

Ɗan'auta bakanike ya gaji da ganin Malam Celestine yana turo babur garejinsa a Kafanchan, batir ya mutu murus. Ya ƙara ruwan batir, ya kankare kawunansa, ya bi wayoyi, har koyil ya sake. A gareji caji yake lafiya lau, amma da an bi hanyar Manchok sai wuta ta ɗauke.

"Malam, babur ɗin nan ya ishe ni!" in ji Ɗan'auta. "Kawo makulli in hau da kaina."

Bayan magariba ya kama hanya yana ta tsaki. Yana gangarawa rafi sai bayan babur ya nutse, kamar an ɗora buhun dawa. Fitila ta dushe, ta dawo, ta sake dushewa. Waya ce ta saki, ya ce a ransa, ya miƙa hannu baya yana laluben murfin batir.

Yatsu ya taɓa, jiƙaƙƙu, masu sanyi, sun riƙe murfin gam. Sai ya lura, duk sanda aka ja numfashi a ƙeyarsa fitilar ke dushewa.

"Yau ba Malam ba ne," in ji muryar wata tsohuwa. "Shi kam bai taɓa hana ni jin ɗumi ba."