Ɗakin da Aka Ce Ba Wanda Ya Shiga

Ƙarar ta iso caji ofis da hantsi, daidai lokacin da Sufeto yake ƙoƙarin shan shayinsa kafin ya huce. An ce wata baƙuwa daga ƙasar waje ta nemi fasfonta ta rasa a wani otal, kuma da yamma jirginta zai tashi. Ya ture kofin, ya kira Sajensa, suka shiga mota.

Sufeto mutum ne mai ƙyanƙyami. A ofis Mai Hanci suke ce masa a bayan idonsa, don ba ya shan ruwa da kofin kowa, kuma babu warin da yake wuce shi. Tun daga bakin ƙofar otal ɗin ya fara yamutsa fuska.

Otal ne na tsaka-tsaki, bai kai na manya ba, ya kuma fi na bakin tasha. Ga babban madubi a zaure, ga furannin roba sun yi futu-futu, ga lifta an manna mata takarda wai ana gyara. An feshe ko'ina da turare mai ƙamshin lemo, irin feshin da ake yi idan akwai abin da ake son dannewa.

Baƙuwar na zaune a zauren, akwatinta a gabanta, idanunta sun yi ja. Ungozoma ce. Asibitin da take aiki ne ya turo ta wani ɗan gajeren kwas, kuma wannan ce fitarta ta farko daga ƙasarsu. Ta ce da ƙyar maigidanta ya yarda ta taho ita kaɗai, yayansa ma har ranar tafiyar bai daina mita ba. Bizarta a ranar take ƙarewa. In jirgin ya tashi ba ita, ba ta san inda za ta sa kanta ba.

"A ina kike ajiye fasfon, Malama?" in ji Sufeto.

"A cikin rigar filo, Yallaɓai. Wata abokiyar aikina ce ta ba ni shawara, ta ce ɓarawo jaka yake fara dubawa."

Ta ce kullum da safe takan rataye katin nan mai cewa kada a shiga a jikin ƙofa, ta bar mabuɗi a kantar masu karɓar baƙi kamar yadda dokar otal ɗin ta ce, ta tafi kwas sai yamma. Ita take share ɗakinta, ita take gyara gadonta. Jiya ta dawo a gajiye ta kwanta, sai da safe da ta zo haɗa kaya ta zura hannu a filo ta ji wayam.

Nan Manaja ya ƙaraso, mutum mai tumbi da kwat, yana murmushi har kunne. Ya ja Sufeto gefe kaɗan, amma bai rage murya yadda ba za ta ji ba.

"Ranka ya daɗe, mu ba ma tona asirin baƙinmu. Amma ka san mace ita kaɗai, nesa da gida. Wani lokaci akan yi baƙo, baƙon kuma ya tafi da abin da hannunsa ya taɓa."

Ungozomar ta miƙe tsaye. Ta ce in har wannan maganar za ta shiga rahoton 'yan sanda ta kai kunnen mijinta, gara a bar ta a nan ta mutu. Sufeto ya ce ta zauna, ba a rubuta komai ba tukuna. Ya kalli Manaja daga takalmi har kai, ya ji mutumin ya fice masa a rai gaba ɗaya.

Suka hau bene da ƙafa, shi da Saje da ita. Ɗakin shi ne na ƙarshe a lungu, katin na nan rataye a ƙofa.

Yana shiga ya tsaya ya shaƙi iska. Turaren lemon ne dai, amma a ƙarƙashinsa akwai warin taba. Ya tambaye ta ko tana shan taba. Ta yi masa wani kallo, ya ce ta yi haƙuri, aiki ne. Ta ce ita ma ta sha jin warin da yamma, ta ɗauka daga maƙwabta yake shigowa.

Filo biyu ne a kan gadon. Rigar ɗaya ta ɗan yamutse, irin ta wadda aka kwana a kanta. Ɗayar kuwa fara ce tas, har da layin ninki. Sufeto ya sa safar hannu ya zare ta. A jikin filon akwai wani baƙin tabo mai maiƙo, faɗin tafin hannu. Ya sunsuna daga nesa, ya kawar da kai.

"Rinin gashi ne," ya ce wa Saje. "Ya ratsa tsohuwar rigar har ya kama filon."

Ungozomar ta ce ita ba ta taɓa rina gashinta ba, kuma da ɗankwali take kwana. Tana faɗa muryarta tana raguwa, don ta fara gane abin da tabon yake nufi. Saje ya leƙa bayan gado ya zaƙulo guntun taba da bakin biro. Shi bai damu ba, Saje ko a bakin kwata zai iya cin abinci.

A banɗaki Sufeto ya daɗe yana kallon takardar tishu da ke rataye. An ninke bakinta ya yi tsini, tsaf, kamar kunnen ambulan.

"Ke kika yi wannan, Malama?"

"A'a. Kullum haka nake tarar da ita. Na ɗauka ni ce nake mantawa."

Ya ce ta sauka ta jira shi, kuma kada ta ƙara taɓa komai a ɗakin. Ba sai ya faɗa mata ba ma.

A ɗayan ƙarshen lungun suka sami mai gyaran ɗakuna, wata dattijuwa, tana tura kekenta na tawul da sabulai. Ta rantse ba ta taɓa shiga ɗakin ba, ita in ta ga kati a ƙofa murna take yi, aiki ya ragu. Sufeto ya leƙa ɗakin da ta gama gyarawa yanzun nan. Tishun banɗakin na reto yadda aka yage shi, babu wani ninki.

"Mama, da rana wa kike gani a benen nan?"

"Ni? Ba na ganin kowa, ɗana."

"Kowa-kowa?"

Ta shiga jera tawul ɗin da ke jere. Can ta ce ai yaya za ta ga wani, alhali da zarar rana ta take Manaja yake tura ta ƙasa ɗakin wanki, ya ce kada ta hau sai la'asar. Tana faɗa ta kama bakinta. Sufeto ya yi mata godiya, ya ce bai ji daga gare ta ba.

Mai karɓar baƙi a kanta, wani siriri mai gilashi, ya ce mabuɗin bai taɓa barin ƙugiyarsa ba sai in mai ɗakin ce ta karɓa. Kyamarar zaure kuwa, kash, ta lalace. A otal ɗin nan duk abin da zai iya ba da shaida ana gyaransa ne.

Sufeto bai ja da shi ba. Ya duba agogon bango, ya sa Saje ya kai motar 'yan sanda bayan layi, shi kuma ya ɗauki jarida ya nemi kujera kusa da kanta. Ya shimfiɗa hankicinsa kafin ya zauna. Da kayan gida yake, ba wanda zai ce ɗan sanda ne. Mai gilashi ya so ya ɗauki waya, Sufeto ya ɗaga masa gira, sai ya fasa.

Rana na takewa wata mota ta tsaya a waje. Mace ta zauna a ciki tana danna waya, namijin ya shigo yana kaɗa mabuɗi. Dattijo ne, fuska duk ta tattare, amma sumarsa baƙa wuluk tana sheƙi, har rinin ya ɓata wuyan rigarsa. Ya jingina da kanta, yana warin taba.

"Ɗakin jiya nake so, na ƙarshen nan. Ina Manajan?"

Sufeto ya ninke jaridar ya nuna masa katin aiki. Nan take dattijon ya zama abin tausayi. Ya ce shi wallahi bai san ɗakin wata ba ne. Manaja yake ba shi mabuɗi hannu da hannu, na awa biyu ko uku, ya ce masa kada ya taɓa katin ƙofar, kada kuma ya buɗe durowar kaya. Ya roƙa kada iyalinsa su ji. Sufeto ya ce Saje zai ɗauki bayaninsa, ya kuma ja da baya kaɗan don kada rigarsu ta haɗu.

Manaja na ofishinsa, fanka na juyawa amma gumi yake yi. Sufeto ya ƙi zama. Ya fara da hira, ya tambaye shi yadda aka yi ya kai wannan matsayi. Manaja ya ɗan saki jiki, ya ce shi da guminsa ya taso, daga gyaran ɗakuna ya fara a wani babban otal, inda in ka bar gado da lanƙwasa ɗaya sai a kore ka. Yana magana ya zari tishu daga kwali zai goge goshi, amma yatsunsa suka riga shi. Suka ninke gefe, suka ninke ɗaya gefen, bakin ya yi tsini.

Sufeto ya miƙa hannu ya karɓe tishun, ya ajiye a kan tebur.

"Mai gyaran ɗakunanka ba ta ninke tishu. Mai ɗakin ma ba ta yi. Wanda yake gyara ɗakin bayan baƙinka na rana sun fita, a babban otal ya koyi aiki. Ga mai rinin gashi can a zaure yana ba Sajena labari."

Murmushin ya zube. Manaja ya fara cewa ai ba shi kaɗai yake yi ba a garin nan, Sufeto ya ce ba wannan ya tambaya ba. Daga nan ya faɗi komai. Yakan zaɓi baƙon da ya zo shi kaɗai, mai fita tun safe sai yamma, musamman mai rataye kati, don ya san mai gyara ba za ta leƙa ba. Sai ya tura kayan baƙon cikin durowa, ya ba wasu ɗakin, in sun fita ya hau da kansa ya mayar da komai inda yake, ya ja zanin gado ya miƙe, ya fesa turare. Ba ya canza zanin, don kada ɗakin wanki su ga ya yi yawa.

"Zanin da take kwana a kai?" in ji Sufeto.

Manaja ya sunkuyar da kai. Ya ce jiya dai rinin ya ɓata rigar filo ƙwarai, dole ya zare ta ya sa sabuwa. Ya dunƙule tsohuwar ya sauko da ita ofis, bai san da komai a ciki ba. Sai da safe da matar ta fara kuka ya duba ya ga fasfon.

"Me ya hana ka mayar mata?"

"Da ta tambaye ni inda na samo, Yallaɓai."

"Shi ya sa ka ga gara ka ce ta kawo namiji."

Sufeto ya sha ganin ɓarayi da 'yan daba, amma rabon da mutum ya ba shi ƙyama haka har ya manta. Ya tambaye shi ina fasfon yake yanzu. Manaja ya ce da ya ji an kira 'yan sanda, ya jefa shi da rigar filon a bolar bayan kicin. Motar shara kuma da la'asar take zuwa.

Bolar babbar ganga ce ta ƙarfe, ta sha rana, ƙudaje sun yi mata rumfa. Saje ya fara naɗe hannun riga, Sufeto ya tsayar da shi. Ya juya ga Manaja ya ce ya cire kwat ɗin. Haka mai tumbin nan ya zura hannu har kafaɗa cikin ragowar abincin jiya da ɓawon ƙwai da ruɓaɓɓen ganye, ma'aikatan kicin sun jeru a ƙofa suna kallo. Sufeto na tsaye nesa, hankici a hanci. Da ƙyar aka zaro rigar filon, ta jiƙe da miya, fasfon na ciki. Bangon ya yi maiƙo, amma hoton da bizar ba abin da ya same su.

Saje ya sa wa Manaja ankwa a hannun nan mai ɗiga. Aka bi da shi ta tsakiyar zaure, shi da mai gilashi da ya riƙa rufa masa asiri. Da suka zo daidai ungozomar Manaja ya ɗago zai ce wani abu, Saje ya tura ƙeyarsa waje.

Sufeto ya zauna kusa da ita ya faɗa mata gaskiya, bai rage komai ba. Ta saurara, hannunta a kan baki. Ta tashi da sauri ta shiga banɗakin zaure, ta daɗe. Da ta fito ta buɗe akwatinta ta ciro rigar barcinta da ɗankwalin da burushin haƙori, ta zuba su a kwandon shara. Sannan ta tambayi abin da za a rubuta a rahoto. Ya ce za a rubuta abin da ya faru, za kuma a ba ta kwafi da hatimi ta tafi da shi gida, kowa ya karanta.

Ya miƙa mata fasfon a cikin leda, ya ba ta haƙuri, ya ce an goge amma har yanzu yana warin bola.

Ta buɗe ledar ta ciro shi da hannunta, ta duba hotonta, ta cusa shi cikin rigarta a ƙirji.

"Bar shi, Yallaɓai," ta ce. "Ya fi gadon tsabta."

Sufeto ya sa Saje ya kai ta filin jirgi da motar ofis. Shi kuwa ya ƙi wanke hannu a otal ɗin, ya taka da ƙafa har shagon da ke tsallaken titi ya sayi sabulu sabo.